Labarin Wahalar Wani: Me Muke Nema a Cikinsa?

Akwai wani irin karatu da ke cin kasuwa a tsakaninmu, wani lokaci ma fiye da littattafan da aka turo mu ƙasar waje mu karanta, wato labaran kisan kai da suka faru da gaske, da littattafan mutanen da aka azabtar suna yara, suka girma suka rubuta abin da ya same su. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasashen Turawa. Littafin Dave Pelzer na 1995, inda ya ba da labarin gallazawar da mahaifiyarsa ta yi masa, ya yi shekaru cikin littattafan da suka fi ciniki a Amurka, kuma a bayansa irinsa suka yi ta fitowa har kantuna suka ware musu wuri na daban.

Mu ma ba a bar mu a baya ba, sai dai mu da baka da wayar hannu muka fi yin namu. Ina zaune a Al Ras, tsohuwar unguwar da ke bakin ruwa a Deira, kusa da kasuwar zinari da ta kayan ƙamshi, inda ɗakin karatun jama'a na farko a Dubai yake tun 1963. Da yake 'yan kasuwarmu na Kano da Katsina suna yawan sauka a wannan yanki, nakan zauna da su bayan isha'i. Hirar farashin kaya ba ta daɗewa, amma da zarar wani ya ɗauko labarin kisan gilla daga gida, sai ka ga kowa ya gyara zama. Har yau in aka ambaci Hanifa, yarinyar nan 'yar shekara 5 da aka sace a Kano a watan Disamba na 2021, wadda mai makarantarsu ya kashe, kotu kuma ta yanke masa hukuncin kisa a 2022, za ka tarar kowa ya san labarin dalla-dalla kamar a gabansa aka yi.

Ni ban ɗauki wannan sha'awa a matsayin mugun hali ba. A ganina muna neman waɗannan labarai ne saboda akwai abubuwan da ba ma iya faɗa a gidajenmu. A unguwar da na taso akwai wata 'yar riƙo da ake jin kukanta ta katanga kusan kullum. Manya sun sani, amma abin da muke ji suna cewa shi ne, "Ba a shiga tsakanin mutum da iyalinsa." Kunya da rufin asiri, waɗanda kyawawan ɗabi'u ne a wurinsu, sai suka zama bargon da mai zalunci ke lulluɓa da shi. Don haka idan labarin na wani gari ne ko na wata ƙasa, sai bakinmu ya buɗe, tunda babu ɗan'uwan da zai ji haushi. Marubutanmu mata sun daɗe da gane wannan. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka yi wa aure tana ƙarama, ta bi ta hanyar ƙagaggen labari ne ta yi magana a kan auren dole da wulaƙanta mata a littattafanta irin su Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne.

To amma fa akwai hattara. Duk abin da ya zama haja, sai an samu mai yin jabunsa. A 2003 wata mata mai suna Norma Khouri ta fitar da littafi tana cewa an kashe ƙawarta a Jodan saboda ta so wani Kirista. Littafin ya yi ciniki sosai, sai ga shi a 2004 wata jarida a Ostareliya ta bankaɗo cewa ƙirƙira ce, matar ma a Amurka ta girma. Ƙaryar ta karɓu ne saboda ta dace da abin da masu saye suke son ji game da Musulmi, kuma matan da ke yaƙi da irin wannan kisa da gaske a Jodan su ta jawo wa wahala. Haka nan a 2022, da Netflix ta yi fim a kan makashin nan Jeffrey Dahmer, wasu daga iyalan waɗanda ya kashe sun koka cewa ba a tuntuɓe su ba, sai kawai suka ga baƙin cikinsu ya zama abin kallo.

Saboda haka ma'aunin da nake amfani da shi ɗaya ne: ina labarin ya ƙare? A nan ƙasar, a 2012, an gano gawar wata yarinya 'yar shekara 8 mai suna Wadima a cikin hamada, bayan azabar da mahaifinta da abokiyar zamansa suka gana mata. Jama'a sun bi labarin a jaridu kamar yadda muka bi na Hanifa, amma bai tsaya a hira ba. A 2016 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta kafa dokar kare haƙƙin yara da ake kira da sunanta, wadda ta wajabta wa malamai da likitoci da duk mai kula da yara su kai rahoto idan suka ga alamar cutarwa. Kano ma ta samu dokar kare yara a 2023, kuma akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da ke karɓar waɗanda aka ci zarafinsu. Amma mu nawa ne cikin waɗanda suka haddace labarin Hanifa suka san abin da dokar ta ƙunsa, ko inda za a kai yaro idan ta faru?

'Yan'uwa, akasarinmu gida za mu koma, wasu likitoci, wasu malamai, wasu lauyoyi. Mu karanta waɗannan labarai in muna so, amma mu riƙa tambaya ko gaskiya ne, ko masu abin sun yarda a yaɗa, da kuma wa ke cin ribarsa. Sannan ranar da muka ji kuka ta katangar maƙwabci, mu tashi mu yi sallama. Allah Ya jiƙan waɗanda aka zalunta, Ya tsare mana zuriya, amin.