Samanja, Hausar bariki da mu Sakkwatawa

1/ Da yawa a nan sun san sunan Samanja, amma in ka ce Usman Baba Pategi sai a tambaye ka wane ne. To mutum ɗaya ne. Allah ya yi masa rasuwa a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba 2023. Ku ɗan ba ni aron hankalinku, akwai abin da aikinsa ya sa ni tunani a kai.

2/ Abu na farko: ba Bahaushe ba ne. Banufe ne, an haife shi a Pategi ta jihar Kwara a 1942, kuma ɗan gidan sarauta. Kaduna ya zo, ya yi aiki a gidan rediyo, daga baya ya shiga soja, da shi aka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Sai 1985 ya ajiye kaki.

3/ Ka ga ke nan sojan da ya riƙa fitowa a Samanja Mazan Fama, a rediyo da talabijin na Kaduna, ba labarinsa aka ba shi ba. Ya sha faretin, ya sha tsawar. Ita kanta kalmar samanja daga sunan muƙamin sajan-manjo Hausawa suka lanƙwaso ta, wato babban da ke tsakanin hafsoshi da kurata.

4/ Makaminsa shi ne barikanci. Tun zamanin Turawa Hausa ce harshen bariki, sai ƙabilu daban-daban suka koye ta a bakin juna. Hausa ce da ba ruwanta da bambanta namiji da mace, a ce wa mace "ka zo", a cusa Turanci a tsakiya. Bakano ya ji ya yi dariya, soja kuma ya ji harshen gidansu.

5/ Ni ban riski lokacin ba. A Mandera na taso, kuma a bakin Baba da sa'o'insa na fara jin sunan. In hira ta yi daɗi bayan isha'i sai wani ya miƙe ya ƙame, ya sara, ya kwaikwayi muryarsa. Daga baya na ga guntayen bidiyon a YouTube, hoto dishi-dishi, sauti na shiga yana fita.

6/ Abin da na lura a guntayen nan: mutumin yana ba ka dariya, amma ba ka raina shi. Yana da muƙami, yana da gida, yana da faɗa da mutanensa irin su Bariki da Mutuwa Dole. Hausarsa a karye take, shi kuwa mutum ne cikakke mai hujjarsa.

7/ Irin waɗannan 'yan wasan kowace masana'anta tana da su. Ba su ne jarumin da ake liƙa hotonsa a fasta ba, amma cire su ka ga fim ya zama lami. A tsohon Hollywood na Amurka akwai Walter Brennan, shi ma tsohon soja ne, ya yi yaƙin duniya na ɗaya.

8/ Brennan ya rasa yawancin haƙoransa tun bai tsufa ba, sai ya mai da giɓin jari, yana fitowa a tsoho. Shi ya fara cin kyautar Oscar ta mataimakin jarumi, a fim ɗin 1936, ya sake ci a na 1938 da 1940. Masu kallon kaboyi za su tuna gurgun tsohon da ke gadin kurkuku a Rio Bravo na 1959, kusa da John Wayne.

9/ Giɓi ga wancan, karyayyar Hausa ga wannan. Duk abubuwa ne da ake yi wa mutum ba'a a kansu, kuma da su suka ci abinci cikin mutunci. Nan ne maganar ta taɓa ni, don mu ma muna da abin da ake yi muna ba'a da shi.

10/ Duk Basakkwacen da ya shiga jami'a ya san zancen. Ka buɗe baki ka ce "mi kaka so?" ko "shina nan", sai ɗaki ya ɗauka. Wani har ya ce maimaita ya naɗa a waya. Na san abokai da suka koma Kananci ƙarfi da yaji cikin zango ɗaya, sai sun kira gida ake jin ainihin muryarsu.

11/ Ba daga sama wannan ya faɗo ba. Duba finafinai da gajerun barkwancin TikTok: in ka ji Sakkwatanci, yawanci ɗan ƙauye ne ya shigo birni ya rikice. Da wuya ka ga likita ko alƙali ko malamin jami'a yana magana da shi, alhali harshen birnin Shehu ne, da shi malamanmu ke karantarwa, da shi ake shari'a a Bodinga da Shagari.

12/ Kada a fahimce ni a baibai, ba cewa nike a daina raha ba. Wasa tsakanin garuruwa tsohon abu ne, mu ma muna tsokanar Kanawa da Katsinawa son rai. Matsalar ita ce in dariyar duka a kan lafazi ta tsaya, ba a ba mai lafazin komi ba bayan wauta.

13/ Samanja ya iya abinsa ne don daga ciki ya fito. Ya san abin da ke hana kurtu barci, ya san zaman mata a bariki. Mai kwaikwayon Sakkwatanci daga nesa kuwa kalmomi biyar ya haddace, "wanga" da "hwaɗi" da 'yan uwansu, sai ya yi ta jujjuya su.

14/ Don haka maganata ga 'yan uwana masu ɗaukar bidiyo daga Sakkwato, Kebbi da Zamfara: ku bar goge harshenku kafin ku kunna kyamara. Ku rubuta mai awon gero a kasuwa, direban Sakkwato zuwa Jega, inna mai fura da ta fi kowa iya lissafi. Ku ba kowa sana'a da dalili, dariya za ta zo da kanta.

15/ Allah ya jiƙan Alhaji Usman Baba Pategi, ya sa ya huta. In akwai mai tsofaffin kaset na shirin a gidansu, don Allah a juye a ɗora kafin zafi da ƙura su cinye. Ku kuma faɗa min, wane ɗan wasa kuka taɓa gani ya yi Sakkwatanci bai mai da mu abin dariya ba?