Kafin ka biya kuɗin mai kwalba

Aminina,

Ya iyali, ya Damagaram da sanyin bana? Ka gaishe min da Hajiya, ka ce mata ina nan tafe bayan salla in Allah ya yarda.

Na ga hoton da ka turo. Fender Twin Reverb ce, ko tantama babu, kuma ga alama mai ita bai wulaƙanta ta ba. Sau biyu ina fara ba ka amsa da murya a WhatsApp ina gogewa, don maganar ta fi ƙarfin minti biyu, shi ya sa na zauna na rubuta. Tambayarka ita ce ko ka zuba kuɗin da ka yi shekara biyu kana tarawa a kan wannan amfilifaya ɗin mai kwalba, ko ka sayi irin na'urar nan ta zamani da ke kwaikwayon muryarta. Amsata a gajarce: ka sayi mai kwaikwayon. Na san za ka yi mamakin jin haka daga bakina, ni da kullum kake tarar da ni ina shafa tawa mai kwalba kamar dokin sarki. To bari ka ji dalili.

Zan fara da abin da nake so a jikin mai kwalba, don kada ka ɗauka na juya mata baya. Waɗannan kwalaben gilashin da ke yin ja a bayanta, waɗanda tsofaffin masu gyaran rediyo ke kira bawul, ba su ƙara sauti yadda taransisto ke ƙarawa. Idan ka taɓa tsirkiya a hankali, muryar takan fito tas kamar ruwan randa. Idan ka danne ta da ƙarfi, sai kwalbar ta cika, muryar ta ɗan dushe, ta yi kauri, kamar mawaƙin da ya ɗaga murya har ta fara gurzuwa amma ba ta fashe ba. Tsakanin waɗannan biyun akwai fili mai faɗi, kuma yatsanka ne ke yawo a cikinsa ba tare da ka taɓa wani maɓalli ba. Akwai kuma wani ɗan lanƙwasawa da take yi idan ka buga da ƙarfi, wutar cikinta ta ɗan ja baya sannan ta dawo, sai ka ji sautin ya numfasa. Tawa ƙarama ce, wat 15, amma ranar da na fara kunna ta a ɗaki na ji iskar lasifikar tana bugun ƙafar wandona, sai da na yi awa uku ban ajiye jita ba. Ita ce kuma ta gyara min hannu, don ba ta rufa wa kowa asiri. Ka yi sakaci da yatsa ɗaya, za ta faɗa wa duk wanda ke ɗakin.

Wannan daɗin gaskiya ne. Amma ka lura da wanda ke jin sa: mai bugawa ne, shi da ke tsaye taku biyu daga lasifikar. Kai kuwa sana'arka biki ne. Wata uku na kaka kana yawo daga wannan unguwa zuwa waccan, wani lokaci har ƙauye, kuma abin da jama'a ke ji yana fitowa ne daga manyan lasifikun da aka ɗaura a kan sanda.

Mu zo kan Twin ɗin kanta. Wat 85 ce, lasifika biyu masu inci 12, nauyinta ya kusa kilo 30. Ka yi tunanin ɗora ta a bayan babur da ƙarfe biyun dare, a hanyar da ba kwalta, alhali a cikinta akwai kwalabe goma, huɗu manya da ake kira 6L6 da shida ƙanana. Gilashi ne fa, da siraran ƙarafa a ciki, ba su son jijjiga. Sannan Leo Fender ya gina ta ne don ta yi ƙara ba tare da ta dushe ba, shi ya sa tun 1963 masu son tsaftataccen sauti ke bin ta. Wannan ya dace da irin kiɗanka a fili, ban musa ba. Sai dai gurzuwar nan mai daɗi da kake nema, Twin ba ta bayar da ita sai ka murɗa ta har maƙwabta sun fito.

Babbar damuwata ita ce wuta. Da farko ka duba bayanta da kyau. Idan don kasuwar Amurka aka yi ta, bolt 120 take ci, mu kuwa tamu 220 ce zuwa 230, sai ka haɗa ta da taransifomar rage wuta, wani nauyin kuma. Wanda ya manta ya soka ta kai tsaye sau ɗaya, shi ke nan. Ko da ta Turai ce, ka san irin wutar da muke samu a wajen biki: ƙaramin janareta da ke ɗauke da fitilu da firjin lemo, yana tari yana tashi. Shekara uku da suka wuce na kai tawa wani kamu, janareta ya yi wani irin ihu, fitilu suka yi fari fat, sai na ji ƙauri. Taransifomar cikinta ce ta ƙone. Wata biyar tana ajiye kafin wani dattijo mai gyaran rediyo ya sake naɗa min ita da hannu. Shi ne ya ja min kunne cewa kada in kuskura in sa hannu a cikinta ko da na zare ta daga soket, don akwai sama da bolt 400 a ciki, kuma kwandensa na riƙe wutar bayan an kashe. Ya kuma ce kada a taɓa kunna ta ba a haɗa lasifika ba. Ka ga duk yaron da ke taya ka ɗaukar kaya sai ya san waɗannan.

Kwalaben kuma ƙarewa suke yi kamar tayar mota. Masana'antun da suka rage suna yin su a duniya 'yan kaɗan ne: JJ a Sulobakiya, wata a garin Saratov na Rasha, sai na Sin. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022, masu jita a Turai da Amurka ma sai da suka shiga neman kwalba ido rufe, kuɗinta ya yi sama. To ina ga mu da sai mun roƙi wani mai dawowa ya saƙo mana a jaka? Kuma manyan ba a canza su ɗaya-ɗaya yadda aka ga dama, sai an samo waɗanda suka dace da juna, an kuma daidaita wutar da ke ratsa su.

Na san abin da ke ranka game da masu kwaikwayo, don tare muka yi wannan zamanin. Kana tuna jar POD ɗin nan mai siffar wake da Line 6 ta fitar a 1998, wadda muka samu ta hannu bayan shekaru? Ta yi mana aiki, amma ka rage muryar jita sai ka ji sautin ya mutu maimakon ya wanke. Wannan zamanin ya wuce. Axe-Fx ta fito a 2006, ana lissafa yadda kowane ɓangare na cikin amfilifaya ke aiki ana maimaita shi a kwamfuta. A 2011 wani Bajamushe, Christoph Kemper, ya zo da wata dabara daban: na'urarsa tana tura wasu sautuka cikin amfilifaya ta gaske, ta saurari abin da ya fito ta makirfo, ta ɗauki hoton muryar. Bayan su Helix ta zo a 2015, sai Quad Cortex daga Finlan, sai Tonex daga Italiya. Akwai ma wata manhaja kyauta, Neural Amp Modeler, da ke wannan aikin a laftof. Manyan ƙungiyoyi irin su Metallica, waɗanda ke da kuɗin cika tirela da masu kwalba, da Axe-Fx suke hawa dandali. Ita kanta Fender a 2019 ta fitar da Twin Reverb marar kwalba da ta kira Tone Master, akwati iri ɗaya, fuska iri ɗaya, nauyi kusan rabi.

Wani abu da na daɗe ban gane ba shi ne wannan. Muryar jitar da ta sa mu soyayya da wannan sana'a, ta Jimi Hendrix da Marshall ɗinsa ko ta Brian May da Vox AC30, ba mu taɓa tsayawa a gaban amfilifayarsu ba. A kaset muka ji su. Wato abin da ya shiga kunnenmu shi ne abin da makirfo ya ɗauka a bakin lasifika, aka bi da shi ta miksa. Wannan ɗin kuwa shi ne ainihin abin da mai kwaikwayo ke bayarwa. Na gwada a situdiyona: na ɗauki hoton muryar tawa da laftof, na buga waƙa ɗaya sau biyu, bayan mako guda na saurara ban duba suna ba. Wallahi sai da na yi ta komawa baya, kuma ban rantse na gane ba. A hannu ina jin bambanci lokacin bugawa. A faifai ya ɓace min.

Ka kuma tuna 'yan'uwanmu na Agadas. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Faifansa na farko a Sakkwato ya ɗauka a 2008, kuma waƙoƙinsa daga waya zuwa waya suka bi Sahara, ta bulutut da katin memori, kafin Turawa su san sunansa. Ta ƙaramar lasifikar salula mutane suka ji shi suka kamu. Abin da ya kama su yana cikin yatsunsa, kuma kai ma Allah ya ba ka naka.

Ba zan ɓoye maka aibin mai kwaikwayo ba. Na farko, yawan zaɓi yana cinye lokaci. Na'ura ɗaya za ta ba ka amfilifaya sama da hamsin, sai ka wayi gari ka kwana kana murɗe-murɗe ba ka koyi ko waƙa ɗaya ba. Ka zaɓi murya uku, mai tsafta, mai ɗan gurzuwa, da ta tashin rawa, ka ajiye su ka manta da sauran. Na biyu, kuma shi ya fi damuna, ranar da ta mutu ba mai tashinta a nan. Dattijon da ya gyara tawa ya iya bin wayoyinta da ido, da dalma da ƙarfen liƙi ya gama. Allon mai kwaikwayo kuwa sai dai a canza shi gaba ɗaya, in an samu. Twin ɗin da aka yi shekara hamsin da suka wuce tana nan tana aiki, kuma 'ya'yanka za su iya gadonta. Ita kuwa mai kwaikwayo, bayan shekara goma wata sabuwa ta fito kuɗinta ya faɗi. Na uku, ba ta da murya sai ka ba ta lasifika. Mutane da yawa da ke cewa ba ta da daɗi, a mummunar lasifika suka ji ta. Don haka kada ka kashe kuɗin duka a kanta. Ka sayi matsakaiciya, ka ware kaso mai kyau ka sayi lasifika mai wutar kanta da za ka ajiye a ƙasa tana kallonka, sauran ka sayi sitabilaiza mai kyau. Da yake yawancinsu ba su cin wuta sosai, ƙaramin inbata da batir ɗin sola za su riƙe maka ita, ka rabu da janaretan masu biki. Ka kuma ɗinka mata riga, ƙurar hunturu ba ta bar kowa ba.

In kuma zuciyarka ta kafe a kan Twin ɗin, ba zan ga laifinka ba, na san wannan ciwon. Amma kada ka biya sai ka kunna ta ta yi minti talatin tana aiki. Ka saurara ko tana huci ko tsatsa idan ba ka bugawa, ka ɗan ƙwanƙwasa saman akwatin ka ji ko za ta yi ƙara kamar ƙararrawa, ka leƙa baya ka ga ko ƙarfen cikin wata babbar kwalba ya yi ja kamar garwashi. Ka tambayi mai ita yaushe aka canza kwalaben, kuma ka rage kuɗin sababbi daga farashin.

Idan na zo bayan salla zan taho da laftof ɗin da hoton muryar tawa a ciki, mu haɗa a lasifikunka ka ji da kunnenka. Ka roƙi mai Twin ɗin ya ba ka zuwa lokacin, in ya yarda ma mu ɗauki hoton muryarta. Ita kuwa tawa mai kwalba tana nan a ɗaki ba ta fita biki kuma, duk ranar da ka shigo Kano taka ce har asuba. Ka turo min hoton bayan Twin ɗin, wajen da aka rubuta bolt, yau ɗin nan in ka samu dama.

Ka gaida yara, ka ce wa babban ya ci gaba da koyon jitar, ina tafe masa da sababbin tsirkiyoyi.

Naka har kullum,
Amininka na Kano