Zare kan Markdown da 'yan uwansa

1/ 'Yan kwamfuta, ku matso. Ana koya mana rubuta manhaja, amma ba a cika koya mana rubuta bayaninta ba. Manhajar da ba ta da bayani kuwa, bayan wata shida ko mai ita sai ya tsaya yana zare ido.

2/ Mai WhatsApp ya san dabarar: ka sa kalma tsakanin taurari biyu, ta yi kauri. Haka Markdown yake. # a farkon layi kanu ne, - kuma jeri. Sai dai nan tauraro ɗaya gaba da baya karkatar da rubutu yake yi, sai ka ninka yake kauri.

3/ John Gruber ne ya fitar da shi a 2004, da taimakon Aaron Swartz. Manufarsa rubutu ya karantu ko ba a juya shi zuwa HTML ba.

4/ Mu huɗu muke aikin rukuni, biyu ne masu laftof. Da muka sa bayanin a README.md kusa da kod ɗin, sai Git ya riƙa nuna layin da kowa ya taɓa. Mai waya ma gyarawa yake daga hostel, datar ba ta kai ta hoto ɗaya ba. Rigimar "wa ya goge min sashena?" ta mutu.

5/ Amma fa yana da iyaka. Na asali ba shi da tebur, ba shi da bayanin ƙasan shafi, shi ya sa kowa ya yi nasa ƙarin, GitHub ma haka. CommonMark ya zo a 2014 don a daidaita ƙa'idojin.

6/ In aikin ya girma, shafuka na nuni da juna, reStructuredText da Sphinx sun fi dacewa. Da su ake bayanin Python, Linux ma ya koma can a 2016. AsciiDoc kuwa har littafi yake ɗauka, da shi aka rubuta bugu na biyu na Pro Git.

7/ Malam ya ce sai Word? Ba matsala, Pandoc zai juya maka fayil ɗin da umarni ɗaya.

8/ Ni dai damuwata ƙannenmu. Ayyuka nawa ke kwance a sashenmu, ba wanda ya san yadda ake kunna su? Kafin ka miƙa naka, rubuta abu uku: me yake yi, yaya ake girka shi, me ya rage. Allah Ya sa mu gama lafiya.