Yoyon na'urar ɗumama mota: gyara ko canji?

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Motocin da ake kawo mana daga Turai an ƙera su ne domin ƙasashen ƙanƙara. Kowace tana da ƴar ƙaramar radiyato ɓoye bayan tablo, wadda ruwan inji mai zafi ke ratsawa domin ɗumama na ciki. Ta motata ce ta fara yoyo: shimfiɗar ƙasa ta jiƙe, gilashi yana hazo, ruwan inji yana raguwa kullum.

Bakanike ya kawo mini hanyoyi uku. Ta farko liki: da ta tagulla ce, da dalma ta kama ta, amma wannan alminiyom ce da roba. Ta biyu canji: a aika Kano neman sabuwa, a kwance tablo ɗungurungum, aikin yini guda da kuɗin da albashin malami ba ya ɗauka a watan komawa lakkol. Ta uku a haɗe tiyo biyun da ke shiga cikinta, ruwa ya kewaye ta.

Ta ukun na zaɓa. A Damagaram ɗumin mota sai a hunturu, Disamba da Janairu, kuma rawani da bargo suna maganin ɗarin asuba. Yoyon da aka ƙyale kuwa yakan ƙarar da ruwa, inji ya ɗau zafi, juwan kilas ya ƙone a kan hanyar Maraɗi cikin zafin Afrilu. Sabuwar radiyato za ta jira har a gama sayen littattafan yara. Inji ba zai jira ba.