Sandar Sinuka Da Hannun Da Ya Sassaƙa Ta

Duk matashin da ya taɓa buga sinuka a bakin titi ya san irin sandar da ake miƙa masa: ta karkace, kanta ya cinye, gumin jama'a ya sa ta yi baƙi. Mu ma da irinta muka koyi wasan. Da muka fara karanta tarihin masu sassaƙa ta da hannu, sai muka tarar akwai mutanen da ke tara waɗannan sanduna kamar yadda wasu ke adana tsofaffin takubba.

A Amurka sunan da ya fi fita shi ne George Balabushka. An haife shi a Rasha a 1912, ya koma New York yana yaro, ya kama aikin katako har zarto ya cire masa yatsa. Ya fara yin sanduna wajen 1959, kuma kafin rasuwarsa a 1975 abin da ya sassaƙa bai wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba. Fim ɗin The Color of Money na 1986 ya ƙara ɗaga sunansa, ko da yake sandar da aka nuna a ciki ta kamfanin Joss ce. A yau ana sayen ta asali da dubban daloli.

Me ake biya wa wannan kuɗi? Haƙuri. Tsawon sandar yakan kai santimita 147, nauyinta tsakanin giram 510 da 600. Ana yin gabanta da icen maple, wanda ake barin sa ya bushe tsawon watanni ko shekaru. Mai sassaƙa yakan rage kaɗan a inji, ya ajiye icen ya huta, sannan ya sake ragewa. In ya yi gaggawa, sandar za ta lanƙwashe daga baya. A wajen riƙo ana naɗa zaren lilin, a kan sandar kuma a manna fata. Baƙin icen ado da ake kira eboni, wanda ake samu a dazukan Kamaru, ɗan uwan kanyar da muke sha ne. A da ana yin ado da hauren giwa, amma tun 1989 aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe.

Tsada kuwa ba ita ke cin wasa ba. Stephen Hendry ɗan Sikotilan ya ci kofin duniya na sinuka sau bakwai da sandar fam 40 da aka saya masa yana yaro. Ta karye a 2003 cikin kayan jirgin sama. Sabon da hannunsa ya yi da ita shekara da shekaru ba a sayar da shi a shago.

Mun san yadda iyayenmu ke kallon teburin sinuka: wurin zaman banza da caca. Suna da hujja, domin mun ga ɗaliban da kuɗin makarantarsu ya ƙare a can. Shi ya sa muka yi wa kanmu doka, ba ma sa kuɗi a wasa, ba ma zuwa lokacin darasi. Da 'yan canjin da muka tara muka sayi sanduna uku na hannu a gwanjo. Kafin mu biya sai mu gangara sanda a kan tebur, in ta yi tsalle mun san ta karkace. A gida ba ma jingina ta da bango, ba ma barin ta a rana.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne 'yan uwanmu da ke ajin aikin katako a makarantun koyon sana'a. Garin da ake sassaƙa turmi da allo da ƙotar fartanya ba zai rasa hannun da zai iya wannan aiki ba. Tebura sun cika unguwanni, sanduna kuwa kullum karyewa suke yi. Ko da manna sabuwar fata a kan sanda mutum ya fara, sana'a ce da za ta ba shi na sabulu.