Mu Leƙa Kazamans, Inda Itace Ke Tsare Gonar Shinkafa

Ƴan uwa manoma da makiyaya, yau za mu kai ku kudancin ƙasar Senegal. Sunan wurin Kazamans. Yana tsakanin Gambiya da Gine Bisawo, a bakin teku. Babban garinsa shi ne Ziganshor. Mutanen Jola suna da yawa a can. Sana'arsu noman shinkafa da kamun kifi.

Gulbin Kazamans ba irin namu ba ne. Ruwan teku mai gishiri yana shiga cikinsa. Sau biyu a kowace rana ruwa ya hau, sau biyu ya janye. In ya janye sai ya bar laka baƙa, mai nutsar da ƙafa har gwiwa.

Cikin wannan laka akwai wani itace da ake kira mangurob. Kada ku ɗauke shi mangwaro, ba su da dangantaka. Shi yana jure ruwan gishiri. Saiwoyinsa suna fitowa daga jikinsa, su lanƙwasa su shiga laka, sai ka ce yana tsaye kan ƙafafu da yawa. Saiwoyin nan su ke riƙe ƙasa, su rage ƙarfin ruwan teku kafin ya kai gonakin shinkafa. Kifi yana hayayyafa a ƙarƙashinsu. Ƙaguwa tana ɓuya a wurin. Kawa kuma tana mannewa jikinsu, mata su shiga kwalekwale su ciro ta, su dafa, su shanya, su kai kasuwa.

Farin da ya kashe mana dabbobi a 1973 da 1984 bai bar su ba su ma. Ruwan sama ya ragu, gishiri ya yi wa gulbi yawa, itatuwa suka bushe. Masu neman itacen wuta da na gini suka ƙara da sara. Hanyoyin mota da aka gina suka tare wa ruwa hanya. Da kurmi ya tafi, sai gishiri ya hau gonaki. Shinkafa ta ƙi, kifi ya yi ƙaranci, samari suka tafi ci-rani.

A shekarar 2006 mutanen ƙauyen Tobor, kusa da Ziganshor, suka tashi. Wata ƙungiya ta Dakar mai suna Oseyaniyom ta kama masu. Shugabanta a lokacin shi ne Haidar El Ali, wanda ya zama ministan muhalli a 2012. A shekarar farko sun dasa iri 65.000.

Aikin ba ya son injin. Ɗan itacen yana tsirowa tun yana jikin uwarsa, dogo kamar kwanson wake. Da damina a tsinko waɗanda suka nuna, a zuba cikin buhu. In ruwa ya janye, maza da mata da yara su jeru, a ja igiya don layi ya miƙe. Kowa ya soka gindin iri cikin laka. Amma sai an zaɓi wuri. Inda ruwa ba ya zuwa kullum, ko gishiri ya yi yawa, irin mutuwa yake.

Maƙwabta suka gani da idonsu, suka ce su ma suna so. Kafin ƙarshen 2012 ɗaruruwan ƙauyuka na Kazamans da na Salum sun dasa itace wajen miliyan 79.

Mu nan Nijar ba mu da teku. Amma manoman Maraɗi da Damagaram da suka bar gawo ya tofo cikin gonakinsu sun san wannan magana. Can gishiri ne ke cin gona, nan iska da rairayi. Can da nan, mutanen gari ne suka raya itace, su ne kuma suka hana gatari.