Rumfar Kaka

Jiya a wani masauki a Sokode na zauna ƙarƙashin wata rumfa ta ƙarfe, an jera mata sanduna a sama an bar tsakaninsu a buɗe, furanni sun nannaɗe ta. Yaron da ya kawo mini shayi ya ce sunanta pergola. Kalmar mutanen Italiya ce, su da suke ɗora wa tasu inabi. Tamu ta garin Nano duma muke ɗora mata.

Dirka shida ce ta kirya, don gara ba ta iya mata, kuma kakanmu namiji ne ya kafa su da hannunsa, shi da iyayensa suka biyo fatake ta Sansanin Mango za su Gwanja sayen goro, har Allah ya tsayar da ƙafarsu a ƙasar Moba. A sama karan dawa ne jefi-jefi, Kaka ba ta taɓa yarda a rufe da zana ba. "Ku bar wa duma aikinsa," in ji ta. Ruwan fari na sauka sai ta binne iri a gindin kowace dirka, kafin gero ya fid da kai ganye ya rufe sama ruf, 'ya'yan duma suna reto bisa kawunanmu, wannan na ludayi, wancan na gora, ga ƙamshin jiƙaƙƙen kara da warin daddawar da aka shanya a faifai. In hunturu ya shigo ganyen ya kakkaɓe, sai rana ta riƙa ɗigowa a tabarma kamar an watsa wuri. Ni kuwa in kwanta rigingine ina ƙirgawa.

Wai ni ne yaron nan? Wanda zai wuni yana sauraren mazarin Kaka na juyi, tana dangwalar alli, audugarta a taskira, shi kuma yana hangen dutsen nan mai kogunan Nok, inda Moba suka gina rumbunan laka, yana zaton aljanu ne ke ajiye hatsi a can.

Shekarar da aka kai ni makaranta Dapango, na dawo hutu na tarar an buga wa rumfar kwano. "Yoyo ya ƙare, Inna," in ji Baffa, yana ta murna. Kaka ba ta tanka ba. Ta naɗe tabarmarta ta koma gindin tsamiya.

Ludayin duman ƙarshe yana wurina har yau. Ya tsage a wuya, ɗinkin nata ne.